Uwar Maƙera a Gonar Mbok Sarinten

Tun da Pak Hardoyo ya ajiye aikin jirgin ƙasa, zama ya gagare shi. Shekarunsa na aiki duk a ƙananan tashoshin da ke kewayen garin Madiun ya yi su, yana tsaye da jar hularsa yana sallamar jirage, kuma ranar da aka ce ya koma gida ya huta sai jikinsa ya ƙi yarda. Ya gwada kiwon tsuntsaye, kukansu ya ishe shi. Ya gwada kamun kifi, ya kasa jira. Wata Lahadi matarsa Bu Rukmini ta aike shi kasuwar 'yan gwangwan ya nemo mata murfin tukunya, ya dawo da masaba mai tsatsa da awartaki biyu, murfin kuwa ya manta da shi. Daga nan abin ya kama shi.

Shi ba maƙeri ba ne, ba kuma a gidan ƙira aka haife shi ba, mahaifinsa malamin makaranta ne. Amma kafin shekara ta zagayo gidan ya cika da ƙarafa. Akwai magagarai, akwai zugazugin da fatarsa ta bushe, akwai gudumomi iri-iri. Abin da ya fi tarawa shi ne bayis, ƙarfen matsin nan da makanikai ke ɗaurewa a bakin tebur. Wani tun zamanin Turawan Holan, wani hannunsa ya karye, wani kuma ba wanda ya san abin da aka yi shi don ya matse. Suna ƙarƙashin gado, suna baranda, har a teburin kicin ya ɗaure ɗaya, Bu Rukmini ta gaji da faɗa ta koma fasa kwakwa da shi.

Abu ɗaya ne ya rasa: uwar maƙera. A kan guntun ƙarfen dogo yake dukan abin da yake duka a bayan gida, wuƙaƙen da yake ƙerawa kuma duk a karkace suke fitowa. Ya riga ya sa wa ransa cewa laifin guntun dogon ne.

Mutumin da ya fi kowa sanin wannan ciwo nasa shi ne Cak Matrawi, dillalin tsofaffin ƙarafa, mutumin tsibirin Madura, gajere mai ƙatuwar murya, wanda har yanzu bai daina kiransa Shugaban Tasha ba. Wata safiya a farkon damina ya bugo waya.

"Shugaban Tasha, in kana zaune ka tashi. Af, na manta ba ka zama. Ana rushe tsohon kamfanin sukarin nan na kudu, na ga amaryarka a cikin ciyawa."

Ko kofin da aka haɗa masa bai shanye ba ya fita.

Suka sami uwar maƙerar a wata rumfa wadda wuta ta cinye rufinta tun da daɗewa. Tana kwance a gefenta, ƙahonta ya kai tsawon hannun mutum, ciyawa ta kewaye ta. Hardoyo ya durƙusa ya shafa fuskarta. Sai da ƙarti huɗu suka tura ta a kan katakai kafin ta hau bayan akori-kurar Matrawi, motar ta yi ƙasa kamar za ta zauna. Matrawi ya ce a jira a nemo igiya mai kauri a ɗaure ta. Hardoyo ya dubi hadarin da ke haɗuwa ya ce abu mai wannan nauyi ina zai je, su dai kama hanya.

Gadar babban titi ana gyaranta, zagayen kuma da nisa. Hardoyo ya ce ya san wata 'yar hanya da ke bin gefen magudanar ruwa ta ratsa gonakin shinkafa, a da nan jirgin rake ke bi. Matrawi ya yi gunaguni, amma ya karya kan motar. Sun yi nisa cikin gonaki, ruwa na ƙyalli hagu da dama, sai tayar baya ta taka inda ƙasa ta jiƙa. Gefen hanyar ya zabtare, motar ta karkata. Hardoyo ya ji wani gurnani a bayansu, ya waiwaya daidai lokacin da uwar maƙerar ta fasa katakon gefe ta wuntsila gangaren ta faɗa gona tinjim. Taɓo ya yi tsalle har gilashin mota.

Da suka sauko, ƙahon kawai ake gani, yana nuna sama a tsakiyar shinkafar da ba a daɗe da dasawa ba. Hardoyo ya tuɓe takalmi zai shiga, sai ya ji murya daga kan kunya.

"Ƙafarka ta taɓa ruwan nan, ni da kai ne."

Wata 'yar tsohuwa ce da faffaɗar malfar gora, bakinta jawur da ganyen da take tauna, lauje a hannunta. Ita ce Mbok Sarinten, mai gonar. Hardoyo ya rusuna ya gaishe ta, ya yi mata bayani dalla-dalla: abin da ya faɗa, inda ya fito, yadda za a kawo mutane da gora da sarƙa a fitar da shi kafin la'asar. Ya ce duk abin da aka tattake zai biya. Ta saurare shi har ya gama, ta tofar da jan yawu gefe, ta tambaye shi ko abin nasa ƙarfe ne. Ya ce ƙarfe ne zalla.

"To ba ya ruɓewa ke nan. Ka dawo bayan girbi."

Ya tambayi yaushe ne girbin. Ta ce wannan ba irin shinkafar zamani ba ce mai gaggawa, jar shinkafa ce, irin da marigayi mijinta ya bar mata, ita kaɗai ta rage da shi a ƙauyen, kuma sai ta ga dama take nuna. Matrawi ya koma bayan mota yana dariya har da riƙe ciki. Kafin su samu masu taya su tura motar, ƙahon ma ya nutse. Hardoyo ya kafa sandar gora a bakin hanya daidai wurin, suka tafi.

Watannin da suka biyo baya ba su yi masa daɗi ba, ba su kuma yi wa kowa daɗi a gidan ba. In ya zauna cin abinci ƙafarsa na kaɗawa har cokali na ƙara a faranti. In aka yi ruwa ya fita baranda yana lissafin yadda taɓo ke ƙara laushi, uwar maƙerar na ƙara yin ƙasa. In rana ta buɗe kuma sai ya tuna da masu yawon neman ƙarfe a kekuna, waɗanda ko murfin kwata ba sa bari. Sai ya hau babur. Da farko sau ɗaya a mako yake zuwa, daga baya ya daina ƙirgawa. Ya je ya tsaya a bakin sandarsa ya zuba wa shinkafa ido, ba abin da yake gani sai kore shar da kwaɗi.

Mbok Sarinten ba ta hana shi tsayuwa ba, amma ba ta bar shi ya tsaya a banza ba. Tunda yana nan, in ji ta, ya riƙe mata igiyar korar tsuntsaye. Tunda yana da babur, ya ɗauko mata buhun taki daga bakin titi. Ran nan ta miƙo masa laujen da ya karye a wuya ta ce ai ta ji an ce shi maƙeri ne. Ya buɗe baki zai gyara maganar, sai ya fasa, ya karɓa. Ya kai gida ya hura gawayi ya yi ta fama a kan guntun dogonsa, ya tsoma a ruwa, ya kawo mata yana sheƙi. Sara na uku laujen ya tsage. Ta miƙo masa gutsattsarin, ta ci gaba da cirar ciyawa da hannu. Wanda ya yi mata na biyu, daga tsohon sifirin mota, bai yi kyan gani ba, amma ya riƙe.

A gida kuwa ƙugiya ya sa a gaba. Ya ce ranar da za a ɗaga uwar maƙerar ba zai yarda da ƙugiyar kasuwa ba, da tasa za a ɗaga ta. Ya ƙera ɗaya ta yi siriri, ya ƙera wata bakinta ya ƙi rufuwa, ya jefar ya sake. Maƙwabciyarsu mai jego ta aiko a ce masa don Allah ya bari jariri ya yi barci, sai ya koma dukan ƙarfe da hantsi kawai, sauran yinin yana zagaya tsakar gida kamar wanda ya ɓatar da makulli.

A shagon kofi na bakin tasha tsofaffin abokan aikinsa suka fara zolayarsa cewa Pak Hardoyo ya samu bazawara a ƙauye, shi ya sa yake aske gemu kafin ya hau babur. Maganar ta kai kunnen Bu Rukmini. Ba ta yi faɗa ba, washegari dai ta ɗaura zaninta mai kyau ta hau bayan babur ɗin ta ce yau da ita za a je. Da suka isa ya nuna mata sandar gora ya ce ga ta nan a ƙasa. Ta dubi shinkafa, ta dube shi, ta wuce ta bar shi a tsaye ta nufi bukkar Mbok Sarinten. Ba a jima ba ya hango su zaune a kan gadon gora suna cin dafaffen rogo, suna kallonsa suna ƙyalƙyala dariya. Ya juya musu baya.

Yawan zuwansa ne ya jawo fitina. Mutanen ƙauyen suka ce ba yadda za a yi mutumin birni, mai fansho, ya riƙa kashe man babur saboda dunƙulen ƙarfe. Wasu suka ce akwatin kuɗin kamfanin sukari ne, wasu suka ce zinariya ce da Turawa suka ɓoye. Wata safiya Mbok Sarinten ta tarar an shiga gonar da sandunan ƙarfe ana lalube, an kwantar mata da shinkafa a lungu guda, ga shi ta fara fitar da kai. Da Hardoyo ya iso bai samu gaisuwa ba. Ta tsaya a gabansa, kanta bai kai kafaɗarsa ba, ta ce tun da aka haife ta ba a taɓa shiga gonarta da sata ba sai da ya kawo mata wannan masifa, kuma in irin mijinta ya ƙare a hannunta ba za ta yafe masa ba. Muryarta ta karye a ƙarshen maganar. Wannan ya fi masa ciwo a kan zagin.

Ranar Juma'a ya zo ƙauyen ya yi salla, bayan an idar ya nemi izinin liman ya miƙe. Ya fito da hoton da ya ɗauka a waya ranar da suka ɗora ta a mota, aka riƙa miƙa wa juna sahu-sahu. Ya rantse musu cewa uwar maƙera ce, ba komai a cikinta sai ƙarfe, kuma ranar da za a fito da ita kowa ya zo ya gani da idonsa. Wani dattijo ya tambaye shi me zai yi da ita tunda ba sana'arsa ba ce. Hardoyo ya ce shi ma dai so yake ya gani. Aka yi dariya, amma daga ranar ba a sake shiga gonar ba. Duk da haka ya ɗauki kwanaki yana taya tsohuwar ɗaure shinkafar da aka kwantar, dami-dami, ko za ta miƙe. Rabi ta miƙe.

Dab da girbi aka yi wani ruwa mai ƙarfi, magudana ta cika ta tumbatsa, ta tafi da sandar gorar da wani yanki na bakin hanyar. Da ya zo ya ga wurin ya canza kama, sai ya riƙa kai da komo a gefen gonar yana cewa nan ne, a'a, can ne, har Mbok Sarinten ta ce ya tafi gida yana sa ta jiri.

Aka yi girbi, gona ta sha iska ta tsage. Matrawi ya zo da injin ɗaga kaya mai sarƙa, amma motarsa a bakin titi ya bar ta, ya ce ko za a yanka shi ba zai sake hawa hanyar nan ba. Ƙauyen ya fito kallo, har da mai sayar da soyayyar ayaba. Suka haƙa inda Hardoyo ya nuna, ba komai. Suka matsa suka sake haƙawa, sai saiwa da katantanwa. Rana ta take, gumi ya jiƙe shi sharkaf, lungun gonar ya zama ramuka, mutane suka fara komawa inuwa. A rami na biyar ne, can gaba da inda yake zato, shebur ya daki wani abu. Uwar maƙerar ce, ta yi ƙasa har kusan ƙugun mutum.

Aka kafa gora uku masu kauri aka haɗe kawunansu, aka rataya injin. Hardoyo ya sauka ramin da kansa ya zagaya mata sarƙa a ƙugu, ya maƙala ƙugiyarsa. Matrawi ya fara ja. Taɓon ya riƙe ta kamar ba zai saki ba, gorar na ƙara, sannan aka ji wani tsotso mai ƙarfi ta taso. Idon Hardoyo na kan ƙugiyar. Yana gani bakinta ya fara buɗewa a hankali. Ya kasa cewa a tsaya, ya kasa cewa a yi sauri. Suna tura katakai a ƙarƙashinta ke nan ƙugiyar ta miƙe, uwar maƙerar ta dira a kansu da wani irin nauyi da ya girgiza ƙasa. Ba wanda ya ji ciwo.

"Shugaban Tasha," in ji Matrawi yana haki, "jirginka ya iso, amma da ƙyar."

Aka kwara mata ruwa bokiti-bokiti har baƙin ƙarfen ya bayyana. Masu jiran zinariya suka leƙa, suka taɓe baki, suka watse. Hardoyo ya fito da masabarsa, wadda ya goge tun jiya, ya ɗaga ya saukar a tsakiyar fuskarta. Ya daɗe yana jin ƙarar a ransa kafin ranar, wata ƙara mai tsawo kamar ƙararrawa. Abin da ya fito kuwa wani gajeren sauti ne, kamar an daki jiƙaƙƙen itace. Ya sake bugawa. Haka dai. Matrawi ya durƙusa ya bi gefenta da farce, ya nuna masa wani siririn layi da ya ratsa ƙarƙashin fuskar tun daga tsakiya har baya. Ya ce wannan ba aikin taɓo ba ne, tsohuwar tsaga ce, wataƙila tun gobarar da ta ci rumfar. Da sun buga ta a can da sun ji. Wannan karon bai yi dariya ba.

Hardoyo ya zauna a bakin ramin, ƙafafunsa a ciki. Ya jira baƙin ciki ya zo, abin da ya zo kuwa wata irin gajiya ce da yunwa. Mbok Sarinten ta aiko masa da jar shinkafar sabon girbi a ganyen ayaba, da ganye da miyar gyaɗa mai yaji. Ya cinye tas. Yana lasar yatsa ya miƙe ya sake ɗaukar masabar, ya bi fuskar yana ƙwanƙwasawa kaɗan-kaɗan daga baya zuwa gaba. Wajen ƙahon, wuri kamar faɗin tafin hannu biyu, ƙarfen ya amsa da 'yar ƙara mai tsabta.

Tsohuwar ta ce ba inda zai je sai ya cike mata ramukanta, don mako mai zuwa za a sako ruwa. Game da ƙarfen kuma, ba ta son ganinsa a gona, amma akwai kututturen mangwaro a bayan rumbunta, in yana so. Tunda mota ba za ta shigo ba sai an gyara hanya, kuma ba wanda ya san ranar gyaran, aka ɗora uwar maƙerar a kan katako ɓaunar noma ta maƙwabci ta ja ta har can.

Kwanaki ya yi yana cike ramuka. Kafin ya gama, labari ya zaga cewa mutumin birnin nan shi ya yi wa Mbok Sarinten laujen da ta yi girbi da shi. Maƙerin ƙauyen ya rasu tun shekarun baya, 'ya'yansa suna aiki a birnin Surabaya, komai ya lalace sai an kai kasuwar gari. Wata mata ta kawo adda mai giɓi, wani ya kawo fartanya. Hardoyo ya ɗauko zugazuginsa daga gida, ya yi masa sabuwar fata da robar taya, ya hura wuta a gindin rumbun. Yana aiki a kan ɗan wurin nan mai rai, yana kauce wa tsagar. Wasu abubuwan suna gyaruwa, wasu yana ɓata su ya ba da haƙuri.

Wata la'asar yana tattara kaya sai ga wani manomi, mai ɓaunar nan, ɗauke da bakin garma da ya dare gida biyu. Ya ce ta kakansa ce, kuma yana son ya yi huɗa da ita in an sako ruwa. Hardoyo ya juya ta a hannu. Bai taɓa haɗa ƙarfe mai wannan kauri ba, bai ma tabbata gawayinsa zai kai zafin da ake bukata ba. Ya kamata ya ce a kai wa mai walda a gari.

"Bar ta a nan," ya ce. "A'a, kawo, zan tafi da ita in duba."

Ya ɗaure ta a bayan babur ya kama hanya. Yana tafe yana tunanin gawayin ɓawon kwakwa, ko zai fi zafi, da wanda zai riƙe masa awartaki, da ko a fara fiƙe bakin tsagar kafin a sa a wuta. Garmar na bugun kujerar babur a duk ramin da ya faɗa. Sai da ya ga fitilun kasuwar tsuntsaye a gabansa ya gane ya wuce kwanar gidansa tun tuni.